Ƙanena, shiga sojan ruwa ba ta kashe kokawa

Ka ce an ɗauke ka sojan ruwa, kana tsoron kokawarka ta ƙare ke nan, ga kocinka ya fara juya maka baya. Wallahi kamar labarina kake bayarwa.

Ni ma da sunana ya fito cikin waɗanda aka ɗauka sojan ruwa, kocin da na bi tun ina yaro cewa ya yi na ci amanarsa. Gasa ta matso, na gama rage nauyi, ba ci ba sha, jiri na ɗibata, sai na tarar an cire sunana an sa na ɗan ƙanwarsa. Yaron da nake kayarwa kullum a atisaye! Da na tambaya, a gaban yara ya ce mai tafiya bakin teku ba shi da sauran amfani a wurinsa. Ko kuɗin mota bai ba ni ba. Mutumin da har gonarsa na yi wa noma! Har gobe in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi. Na bar shi da Allah.

In ka isa Onne, inda ake horar da sababbin sojan ruwa a Jihar Ribas, ajiye zancen kokawa tukuna. Lallaɓa gwiwarka da kafaɗarka, ban da nuna ƙarfi. Don Allah ka koyi iyo kafin ka tafi, yaranmu da yawa a nan suke shan wuya. Bayan an yaye ku ka nemi jami'in wasanni, soja na son mai jini a jika.

Wanda ya ce ba a haɗa biyun, ba shi labarin Josiah Henson na Amurka. A kwalejin sojan ruwa ta Annapolis ya yi kokawa, ya ci tagulla a Olamfik ta Helsinki a 1952 yana hafsa, ya kai muƙamin kyaftin, ya kafa kamfanin kayan kokawa, bai rabu da harkar ba har ya rasu a 2012. Irin tasa kokawar ta tabarma ce, ka koye ta. A tamu ta gargajiya da an kai mutum ƙasa an gama, a can kuwa aiki bai ƙare ba, zagaye biyu ne na minti uku-uku, sai mai numfashi.

Ka riƙa kiran mahaifiyarka, ita ce ba za ta yi barci ba. Takardun shaidar gasanninka kuma karɓo su daga hannun kocin nan tun yau, kafin ya ce sun ɓace. Nawa haka suka tafi.