Ku Tambayi Anti: Wane katun zan kunna wa yarana?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Yarana uku, babbar shekararta 8, na tsakiya 5, autan bai cika biyu ba. Da sun dawo daga Islamiyya sai rigimar waya ta tashi. Na kai memori wurin masu tura fina-finai aka cika mini shi da katun, amma duk ihu ne da doke-doke da Turancin da ni kaina ba na kamawa. Yanzu na tsakiyan ya koyi dirowa daga kan kujera yana kai wa ƙanensa naushi. Babansu ya ce a hana gaba ɗaya. Ni kuma ina ganin ko na hana a gida za su je maƙwabta su kalla. Wai akwai na kirki kuwa? Daga wata uwa, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Akwai, 'yar uwa, kuma da yawa. Sai dai ba su ake zuba wa mutum a memori ba, domin mai turawa abin da aka fi tambaya shi yake ajiyewa. Waɗanda nake nufi gajerun fina-finan zane ne da ake yi a ƙasashe daban-daban, yawancinsu minti biyar zuwa goma sha biyu. Ba sabon abu ba ne. Tun 1932 masu kyautar Oscar a Amurka suka ware musu rukuni nasu, kuma a wurinsu duk fim ɗin da bai wuce minti 40 ba gajere ne. A garin Annecy na Faransa kuwa tun 1960 ake taron bikinsu, cikin watan Yuni.

Abin da ya sa na ƙwallafa rai a kansu shi ne da yawansu ba a magana a ciki ko kaɗan. Mai zanen yana so fim ɗinsa ya shiga kowace ƙasa ba tare da tafinta ba, sai ya bar motsi da ido da kiɗa su ɗauki labarin. Mu kuwa wannan shirun alheri ne gare mu, don yaro da bakinsa yake cike shi, kuma da Hausa yake cikewa.

Bari in ba ki abin da ya faru a ɗakina. A hutun Disamba, lokacin da sanyin garin nan yake hana mutum taɓa ƙarfen ƙofa da safe, jikokina biyu suka zo mana kwana a Rikkos. Bayan sallar isha muka shige bargo ɗaya, na jingina waya da filas ɗin shayi, na kunna musu wani mai suna Piper, wanda kamfanin Pixar ya fitar a 2016. Minti shida ne. 'Yar tsuntsuwa ce a bakin teku, uwarta ta daina ba ta abinci a baki tana so ta fito ta nema da kanta. Fitowarta ke da wuya igiyar ruwa ta yi mata rufdugu, ta koma ta maƙale tana karkarwa, gashinta duk ya mimmiƙe. Ban ce uffan ba sai ƙaramar, mai shekara biyar, ta taɓa ni ta ce, “Kaka, tsoron wanka take ji, irin nawa.” Yayanta ya ce ai ba wanka ba ne, yunwa ce za ta fito da ita. Suka kama gardama. Na tsayar da fim ɗin na bar su suka gama, sannan muka ga yadda tsuntsuwar ta koyi dabara wurin 'yar ƙaguwa, ta nutsa cikin yashi ta buɗe ido a ƙarƙashin ruwa. Da safe da kakansu ya dawo daga masallaci, yarinyar nan ta tare shi a tsakar gida da “gatanan gatananku”, ta ba shi labarin tsaf, har da abin da uwar tsuntsuwar ta faɗa, alhali a fim ɗin ba wanda ya faɗi kalma ɗaya. Shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare, na san wahalar da ake sha kafin yaro ya jera labari daga farko zuwa ƙarshe. Ga shi minti shida sun sa ta yi.

Ga babbar taki, nemi Hair Love na 2019, wanda ya ci Oscar a 2020, kuma masu shi da kansu suka sa shi a YouTube. Uba ne yake fama da mataji da man gashi, yana so ya gyara wa 'yarsa kai karon farko a rayuwarsa. Duk yarinyar da ta taɓa zama gaban mai kitso za ta yi dariya har da hawaye. Amma ki sani a ƙarshe asibiti suke zuwa ɗauko uwar, wadda ciwo ya zubar mata da gashi, don haka ki shirya amsar tambayar da za ta biyo baya. Akwai kuma na Rasha na 1975 da Yuri Norstein ya yi da yankakkun takardu, ana samunsa da sunan Hedgehog in the Fog. Bushiya ce ta ɗauki ɗan ƙunshinta za ta ziyarci aboki, ta ɓace cikin hazo. Akwai 'yar magana da Rashanci, ki rage murya ki zama mai ba da labarin. Yaron da ya taɓa fita makaranta da hazon hunturu ba sai an yi masa bayanin wannan tsoron ba.

Sai gargaɗi, kuma a nan nake so ki tsaya. Ba duk zane ne na yara ba. Cikin waɗanda suke cin kyauta a bukukuwan nan akwai na yaƙi, akwai na shaye-shaye, akwai masu tsiraici, domin manya aka yi wa su. Akwai kuma masu tsabta amma nauyinsu ya fi ƙarfin ƙaramin yaro. Wani ɗan ƙasar Holan, Michael Dudok de Wit, ya yi Father and Daughter a 2000: uba ya shiga kwale-kwale ya tafi bai dawo ba, 'yarsa tana ta zuwa bakin ruwan a kan keke har ta tsufa. Na kalle shi bayan rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙansa, na daɗe ban iya tashi daga wurin ba. Ba zan kunna wa ɗan shekara biyar shi ba. Saboda haka ki fara kallo ke kaɗai kafin su gani. Minti bakwai ne ko takwas, kina jiran ruwa ya tafasa kin gama.

Autan kuwa a cire shi daga lissafi tukuna. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ga manyan, ki sauke fim biyu ko uku, ki kashe data kafin waya ta bar hannunki, don wani bidiyon kada ya biyo bayan wani. Gajeren fim yana da ƙurunƙus, ya ƙare ya ƙare. Masu dogon zango kuwa an gina su ne yadda yaro zai yi kukan a ci gaba. Babansu yana da gaskiya a kan abin da ya gani. Ki roƙe shi ya zauna da ku dare ɗaya kafin ya yanke hukunci.

Tambaya: Malama, ina koyar da 'yan aji uku a Bukuru. Duk abin da nake samu na Turawa ne. Mu Afirka ba mu da namu ne? Daga wani malamin firamare.

Amsa: Malam, muna da shi, kuma a maƙwabta. Moustapha Alassane ɗan Nijar ne, an haife shi a 1942, ya rasu a 2015, ya daɗe yana zaune a garin Tawa. Tun yana yaro yake haska inuwar yankakken kwali da fitila yana tara jama'a kallo. Daga baya ya je Hukumar Fina-finai ta Kanada ya ƙaro sani wurin gwanin fim ɗin zane Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki da faretinsa da masu rakiya, habaici ne ga masu mulkin zamanin. Wanda zai fi karɓuwa a ajinka shi ne Kokoa, inda ya sa 'yan tsana na kwaɗi da wasu dabbobi suka shiga fagen kokawa irin tamu. Ɗalibanka za su gane filin tun kafin a kama.

Na kwanan nan, akwai Bino and Fino na Adamu Waziri, wanda ake yi a Abuja, yara ne 'yan Najeriya da kakanninsu da abincinmu. A 2023 kuma Disney ta fitar da Kizazi Moto, gajeru guda 10 daga masu zane na ƙasashen Afirka, har da Najeriya, amma wannan sai 'yan sakandare, ya yi wa aji uku zafi. Ita waccan hukuma ta Kanada, da aka kafa a 1939, tana da fina-finai da yawa kyauta a shafinta na intanet, har da sashen yara.

A aji, nuna sau biyu. Na farko kowa ya yi shiru. Na biyu ka kashe sauti ka raba musu dabbobin, kowa ya yi wa tasa magana. Za ka ji muryar yaran da tun farkon zango ba su taɓa ɗaga hannu ba.

Tambaya: Anti, ɗana mai shekara 12 ya cika bayan littattafan makarantarsa da zane, wai katun zai riƙa yi. In tsawata masa? Daga wani uba, Gangare.

Amsa: Kada ka tsawata, Baban yaro, saya masa littafi na daban don na makaranta su huta. Ka nuna masa wannan: ya zana ƙwallo a ƙusurwar shafin ƙarshe, a shafin da ke bisansa ya sake zana ta ta ɗan gusa, haka har shafi talatin, sannan ya saki shafukan da babban yatsa. Ƙwallon za ta yi tsalle a gabansa. Asalin sana'ar ke nan. Fim hoto 24 yake nunawa a daƙiƙa ɗaya, masu zanen hannu sukan yi 12 su ɗauki kowanne sau biyu, wato minti ɗaya zane 720 ne. Faɗa masa wannan adadin, in bai karaya ba to da gaske yake.

In ya fi son gini, yumɓu ma ya isa. Ya jingina waya tsakanin bulo biyu yadda ba za ta motsa ba, ya gusa da 'yar dabbarsa kaɗan ya ɗauka, ya sake gusawa ya ɗauka. A cikin ɗaki zai yi da ƙwan fitila ɗaya, domin rana tana tafiya, hasken zai riƙa sauyawa tsakanin hotuna. Kuma ba sai ya je nesa ba in ya girma: Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, hedikwatarta a nan Jos take, tare da makarantarta ta koyon fim. Yanzu dai ya gama aikin gida kafin ya ɗauki fensir. In ƙwallon ta yi tsalle, ku ɗauko mini bidiyonta ku aiko, ina so in nuna wa jikokina.