Wai wace ce uwar Jon Snow a littafin?

Ɗan'uwa ka tambaya ko a littafin A Song of Ice and Fire ma an tabbatar Jon ba ɗan Ned Stark bane kamar yadda akai a fim ɗin Game of Thrones. A'a, har yau marubucin, George Martin, bai faɗa ɓaro-ɓaro ba, littafi na biyar ya fito tun 2011, na shida kuwa jiran gawon shanu kawai muke.

Amma fa alamun cewa Jon ɗan Lyanna ƙanwar Ned ne da yarima Rhaegar na gidan sarautar Targaryen sunyi yawa. Ka tuna mafarkin da Ned yayi yana jinya a littafin farko na 1996, hasumiyar nan ta yankin Dorne inda aka ajiye Lyanna, dogaran sarki har uku harda Arthur Dayne suna tsaye a ƙofa alhali an gama da Rhaegar da mahaifinsa sarkin, toh me suke gadi in ba magaji ba? Ga Lyanna kwance cikin jini tana sa yayanta yai mata alƙawari. Sunan Wylla da Ned ya faɗa ma sarki Robert, wanda ya kifar da ƴan Targaryen, wai itace uwar Jon, ni dai rufa-rufa na ɗauke shi, don Robert in yaji jinin Targaryen ne wallahi yaron bazai kwana ba.

Wanda ni ban yarda dashi ba shine Young Griff ɗinnan, wai shine Aegon ɗan Rhaegar da akace an kashe tun yana jariri. Rundunar sojojin haya ta Golden Company dake mara masa baya asalinta ta ƴan Blackfyre ce, masu jayayya da ƴan Targaryen kan sarauta, haka kawai zasu karya kwangila saboda shi? Hmm.