Saƙona na imel yana isa a kakkarye, in sayi sabuwar manhaja?

Tambaya: Ina aika wa abokan ciniki jerin farashi ta imel, rubutu zalla ba ado. A kwamfutata layukan a daidai suke, amma a wayoyinsu sai su fito ɗaya dogo, ɗaya guntu. Wani ya ce in sayi manhajar imel ta kuɗi. Me kuka gani?
Ɗan kasuwa, Kano

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka, manhaja mai tsada ba za ta gyara wannan ba. Faɗin allo ne ke kawo shi. Manhajojin imel da yawa, in za su aika rubutu zalla, suna yanke kowane layi a wajen harafi na 72 zuwa 78. Tsohuwar al'ada ce, tun daga katin da ake hudawa don adana bayanai, na kamfanin IBM na 1928, mai gurbin harafi 80, wanda allunan kwamfuta na farko suka gaji faɗinsa. Ƙa'idar imel ta 2008, RFC 5322, har yanzu tana so layi kada ya wuce haruffa 78, ta kuma hana shi wuce 998. 'Yan guraben da ake ragewa daga 80 ɗin na alamar > ne, wadda ake sawa a farkon layukan saƙon da aka amsa.

Waya a tsaye kuwa ba ta ɗaukar haruffa 72 a layi ɗaya. Sai ta naɗe layin, ragowar ya faɗo ƙasa, ga kuma yankan da kwamfutarka ta riga ta yi. Yanka biyu ke nan a layi guda.

An ƙirƙiro magani tun 1999, tsarin format=flowed: ana barin gurbi ɗaya a ƙarshen layi, manhajar mai karɓa ta gane cewa jimlar ba ta ƙare ba, ta sake jera ta daidai da allonsa. Manhajar imel ta Thunderbird na aiki da shi, kuma kyauta ce. Sai dai ba kowace manhajar waya ce ke girmama shi ba, don haka kada ka dogara da shi kaɗai.

Ni da ni ne, kowane kaya layinsa daban, gajere: suna, sai farashi. Kada ka danna Enter a tsakiyar jimla, kuma ka daina jera farashi da gurabe don su yi sahu, domin a waya "i" da "m" ba faɗinsu ɗaya ba, sahun zai wargaje. In jerin ya kai teburi mai ginshiƙai, ka mayar da shi PDF ka haɗa da saƙon.