Kada a rufe tsohon layi kafin lamba ta sauka

Ka ce mai gida yana so ya rabu da wayar girke ta kamfanin tarho ya koma kamfanin da ke kira ta intanet da tsohuwar lambarsa, kana tambaya ko ka ce masa ya fara zuwa ya rufe tsohon layin don kada ya biya kuɗi biyu a wata ɗaya. Kada ka kuskura. In har ka faɗa wa wani haka, kada ka ce a hannuna ka koyi aiki.

Lambar waya ba mallakin mai gida ba ce yadda kuke zato, ku yaran yanzu. Tana rataye ne da asusun da yake biya. Muddin asusun yana raye, sabon kamfani yana da hanyar neman tsohon ya sakar masa ita. Ranar da aka rufe asusun, lambar ta koma rumbun kamfani, sai dai a yi ta roƙo, wani lokaci a dace, wani lokaci a yi asara. Sauya sheƙar lamba da kanta ita ke rufe tsohon layi idan ta kammala. Ba aikin mai gida ba ne, ba naka ba ne.

Zauna ka ji abin da wani mutum ya yi, ba zan kama suna ba. Mai gyaran firji ne da na'urar sanyaya ɗaki, a gida yake karɓar kiran aiki, lambar nan fiye da shekara ashirin tana rubuce a jikin motarsa da katinsa. An kafa masa akwatin da ke haɗa wayar gida da intanet, an ba shi lambar wucin gadi daga sabon kamfani, ya kira ya ji murya tangaram, ya yi ta sa albarka. Aka cike takardar neman lamba. Tsohon kamfani ya mayar da ita, saboda sunan da ke kan takardar biyan kuɗi na mahaifinsa ne da ya rasu, shi kuma sunansa ya rubuta. Wannan ba wani abu ba ne, ana gyara suna a can tukuna, a sake turawa. An gaya masa ya yi haƙuri, an gaya masa kada ya taɓa komai. Ana cikin haka takardar kuɗin sabon wata ta iso. Mutumin nan ya dube ta, ya ga ai ga waya tana aiki a sabon akwati, me zai sa ya ƙara biya? Ya ɗauki waya ya ce a rufe. Suka rufe.

Nan take neman lambar ya mutu, don ba a sauya wa gawa sheƙa. Intanet ɗin gidan kuma DSL ce, a kan wannan wayar tagulla ɗin take tafiya, ita ma ta ɗauke. Babu intanet, babu sabuwar waya, babu tsohuwa. Da ya ga shiru, sai dabara ta zo masa: ya zare igiyar wayar daga akwati, ya ɗauko wata igiya ya haɗa ramin waya na akwatin da soket ɗin bango, wai ko zai kama. Layin da aka rufe a ofis sau da yawa wutarsa tana nan a kan tagulla. Ramin ya ƙone. Da aka je, mutumin nan ya murje ido ya ce shi bai taɓa komai ba, alhali ga igiyar tana lilo a bango. Ya yi kememe ya hana kuɗin aiki, ya hana kuɗin akwati, ya kuma bi abokan sana'arsa yana cewa masu saka waya sun salwantar masa da lamba. Har yau kuɗin nan ba su fito ba, kuma ayyukan da bakinsa ya kora sun fi kuɗin ciwo. Shi ya sa ka ga takardar nan a jakar aiki: layi uku, mai gida ya sa hannu cewa ba zai rufe tsohon asusu ba, ba zai jona komai a bango ba, sai an ce masa lamba ta sauka. Wanda ya ƙi sa hannu, tattara kayanka.

Kafin ka cike takardar neman lamba, ka karɓi takardar biyan kuɗi ta ƙarshe a hannunka, ka kwafe suna da adireshi da lambar asusu harafi da harafi, ko da akwai kuskure a ciki. Kuskuren shi ne daidai a wurin kwamfutarsu. In akwai lambar sirri a kan asusun, ka nema. Ka tambaya ko akwai bashi ko yarjejeniyar da ba ta ƙare ba. Ka kuma gano ta ina intanet ke shigowa gidan. In faiba ce ko kebul ko ta iska, ba ruwanta da layin. In DSL ce a kan layin da za a ɗauke wa lamba, sai an fara samar da wata hanyar, ko a mayar da ita ta tsaya da ƙafarta ba tare da layin murya ba, in kamfanin yana yin haka. Lambar gida takan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, ba kamar ta salula ba, don haka kada ka yi wa kowa alkawarin gobe.

Yadda ake soka igiyar intanet a rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, da igiyar waya a ramin da aka zana hoton waya ba zan ɓata bakina a kai ba. Akwatin ATA ne, kowa ya sani, yana mayar da tsohuwar waya ta yi magana da intanet. In kana neman adireshinsa don ka shiga saiti, a akwatin kamfanin Grandstream ka danna tauraro uku a wayar sannan 02, zai karanta maka. A Cisco SPA tauraro huɗu ne sannan 110 da alamar #. Wannan ma da ka karanta takardar cikin kwali da ka gani, amma ku kwali kuke fara jefarwa ku buɗe bidiyo.

Abin da ya fi wannan shi ne zagaya gidan. Layin waya ba waya kaɗai ke rataye a kansa ba. Na'urar ƙararrawar ɓarayi tana kiran kamfanin tsaro ta kansa. Tsofaffi da marasa lafiya suna rataya maɓallin neman agaji a wuya, shi ma ta layin yake kira. Akwai faks, akwai tsohuwar na'urar cire kuɗi da kati, akwai wayar ƙofa. Duk waɗannan da ƙara suke magana, ƙarar da aka tsara don tagulla, kuma intanet tana gutsuttsura sauti ta aika ƙunshi-ƙunshi. Kunnen mutum yana yafe ƙunshi ɗaya da ya ɓace, na'ura ba ta yafewa. Ƙararrawa da maɓallin agaji kada ka yi musu gwajin kunne ka ce sun yi. Mai gida ya kira kamfanin da ke kula da su, yawanci sukan sa musu na'urar da ke fita ta salula ko ta intanet kai tsaye. Faks kuwa, in dole ne, ka kunna T.38, tsarin aika faks ta intanet, in kamfanin yana karɓa, ka sauke gudun faks ɗin zuwa bit 9600 a sakan, ka kashe ECM, wato saitin gyaran kuskurensa.

In mai gida yana so duk soket ɗin ɗakunan su ci gaba da aiki, ana iya ciyar da su daga akwatin, amma sai ka fita waje inda wayar kamfani ta haɗu da ta gida ka raba su, rabuwa ta gaske. Ka zare, ka naɗe bakin da tef, ka rubuta a jiki kada wani ya mayar. Sannan ka koma ciki ka sa mita a soket. Layin kamfani yana ɗauke da kusan bolt 48 a zaune, in ana kira kuwa wutar ƙararrawa takan kai 75 zuwa 90. Mita ta nuna sifili, sannan ka jona. Ka ƙirga wayoyin kuma: tsohuwar waya mai ƙararrawar ƙarfe REN ɗaya take ci, wato ma'aunin nauyin da waya ke ɗora wa layi in tana ƙara, akwati kuwa yawanci 3 zuwa 5 yake ɗauka. In ka wuce, za a kira wayoyin su yi ɗan gurnani ko su yi shiru. Waya mai juyawa da yatsa, akwatuna da yawa ba sa gane ta, ka duba kafin ka yi alkawari.

Sai wuta. Wannan ka faɗa wa mai gida da bakinka, a gaban matarsa in da hali, don ita za ta tuna. Tsohon layi daga ofishin kamfani yake samun wutarsa, shi ya sa ko an ɗauke wuta yana aiki. Sabon ba haka yake ba. Modem ko akwatin faiba, rauta, ATA, da gindin waya mara igiya, duk huɗun sai sun ci wuta, ɗaya ya mutu kira ya mutu. Haɗa su wuri ɗaya za ka samu wat 25 ko kusa. Ƙaramin UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, mai batir na bolt 12, 7Ah, lissafinsa 84Wh ne a takarda, bayan asarar juya wuta ka sa ran awa biyu, in batirin sabo ne. Wanda ke ba da wutar DC kai tsaye ya fi jimawa, sai dai ka karanta jikin kowace caja, don wani akwatin bolt 5 yake ci, wani 12. Kuma lambar gaggawa: tsohon layi yana nuna wa masu agaji gidan da aka kira, sabon kuwa adireshin da aka rubuta a asusu yake nunawa. Ka shigar da shi daidai, ka tabbatar kamfanin yana kai kiran gaggawa tun farko, don ba duka ke yi ba. In an ɗauki akwatin an koma wani gida, a canja adireshin ranar.

Maganar gudu, nan ne kuke ba ni haushi. Ku buɗe manhajar gwaji, ku ga megabit 100, ku ce shi ke nan. Kira ɗaya da G.711, tsarin da ke mayar da murya bayanan intanet, kilobit 64 ne a sakan, da kayan naɗinsa bai kai 100 ba kowane ɓangare. Ba yawa murya ke so ba, daidaito take so. Jinkirin tafiya ɗaya kada ya wuce milisakan 150, in ya wuce mutane za su fara taka wa juna magana. Rawar jinkiri, wato yadda yake hawa da sauka, ƙasa da milisakan 30, ɓatan ƙunshi ƙasa da kashi 1 cikin 100. Kuma gwajin da ake yi gida babu kowa ba gwaji ba ne. Ka sa a loda babban bidiyo daga waya zuwa intanet, kana cikin kira. In wancan ɓangaren ya ce muryarka tana yankewa, hanyar fita ce ta cushe: ka kunna QoS, saitin ba da fifiko, a rauta, ka ba akwatin gaba, ka daure gudun fita kaɗan ƙasa da abin da layin ke iya ɗauka. Akwati kuma da igiya ake jona shi. Wanda ya kawo mini maganar Wi-Fi a nan, sai na kore shi. Ɗaya tsarin muryar, G.729 da ke cin kilobit 8, ka bar shi sai layi ya yi mugun rauni, don yana dagula faks da duk wata ƙarar na'ura.

Cututtukan da za a kira ka a kansu ba su da yawa, kuma kusan duk a rauta suke. Kana jin mutum shi ba ya jin ka, ko kira ya yanke daidai sakan 30 da ɗoriya: fara kashe saitin SIP ALG a rauta. Masu ƙera rauta sun sa shi wai don taimako, shi kuwa sake rubuta saƙon kira yake yi yana ɓata shi. In rauta biyu ne a jere, ta kamfani da ta mai gida, ka jona akwatin a ta farko ko ka mayar da ɗaya gada, ta riƙa wucewa da intanet kawai. Kira yana fita lafiya amma na shigowa sai ya ga dama: rauta ce ke rufe ƙofar da akwatin ya buɗe in an jima shiru. Sabunta rajistar akwatin a wurin kamfaninsa yakan zo a sakan 3600, ka sauke shi zuwa 120 ko abin da kamfanin ya yarda, ka kunna ɗan saƙon riƙe ƙofa duk sakan 20 zuwa 30. An kira banki ana danna 1 ba ya ji: saitin DTMF ne, wato sautin danna lamba, ka zaɓi RFC 2833. Lambar mai kira ba ta fitowa, ko murya tana dawowa kunne: akwatin yana kan saitin wata ƙasa, ka gyara masa yanki. Mai gida yana ƙorafin in ya gama danna lamba sai ya jira sakan huɗu, ka nuna masa ya danna # a ƙarshe, ko ka zauna ka rubuta masa tsarin lambobi yadda ya kamata.

Kada ka buɗe ƙofa ta 5060, wadda saƙon kira ke bi, a rauta don wani a intanet ya ce ita ce magani. Akwai masu laluben wannan ƙofar dare da rana. Alamar sun same ka ita ce waya ta riƙa ƙara da tsakar dare daga lamba 100 ko 1000, a ɗauka babu kowa. In suka dace da kalmar sirri, kiran ƙasashen waje za su yi ta zubawa a asusun mai gida, kuma kai za a nuna da yatsa. Canja kalmar sirrin akwatin tun kafin ka sa komai, ka saita shi ya karɓi kira daga sabar kamfaninsa kaɗai, ka rufe kiran waje a asusu in ba a bukata.

Ranar da aka ce lamba za ta sauka, ka kasance a gidan. Ka kira ta daga salular kamfanoni biyu daban-daban, da wata wayar girke in ka samu, musamman ta tsohon kamfanin, don su ne sukan makara wajen gyara hanya, mutanensu su yi ta jin lamba ba ta aiki alhali kowa yana samu. Ka zare UPS daga bango kana cikin kira ka ga ko zai riƙe. Bayan haka mai gida ya kira tsohon kamfani ya ji ko asusun ya rufu ko akwai sauran wani abu da suke caja. Ɗauko mita da tef, ka sa takardar nan a gaba, mu tafi.