Wace robar tsukewa ta dace da wayar gita da ta makirufo?

Ɗan'uwa, ka tambaya wace roba mai tsukewa da zafi za ka saya don wayoyin gita da makirufo da kake haɗawa da kanka. Nemi wadda aka yi da nau'in robar da ake kira polyolefin, mai tsukewa 3:1, wato wadda faɗinta ke komawa kashi ɗaya cikin uku idan ta ji zafi. Wayar gita kaurinta bai cika wuce milimita 6 zuwa 7 ba, don haka mai faɗin milimita 9 ko 12 za ta shige kan maƙallin jak (kan wayar da ake cusawa a gita), sannan ta dawo ta kama wayar gam. Mai 2:1, wadda ke komawa rabi kawai, a nan sau da yawa takan bar wayar tana lilo a ciki. Don rufe wurin da ka ɗiga dalma a fil uku na XLR (kan wayar makirufo) kuwa, ƙarama mai milimita 3 ta wadatar, ko da 2:1 ce.

Sharaɗi ɗaya: kada ka sa irin robar da aka shafa wa gam ta ciki a cikin jak. Tana da kauri, murfin ba zai murɗu ya rufe ba, kuma ranar da waya ta fara ƙara a tsakiyar taro sai ka yanke kan gaba ɗaya, domin gam ɗin ya narke ya manne da komai. Wurinta waje ne, inda waya ke fita daga jak tana lanƙwasa. Ka zura robar kafin ka sa dalma, kuma ka tsuke ta da na'urar iska mai zafi. Kada ka yi amfani da laita, domin wutarta tana iya narkar da farar robar da ke raba jijiyar tsakiya da ragar tagulla.