Zanen barkwancin siyasa: wane ne dattijo mai farar kwat?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai zanen alluna ne a Fagge, ina sha'awar fara zanen barkwancin siyasa. Na ga wani tsohon zanen Amurka, dattijo da farar kwat, ga 'yar takarda tana reto a bayan kwat ɗin. Wane ne shi, kuma yaya ake sa a gane mutum da kallo ɗaya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Horace Greeley ne, editan jaridar New York Tribune, wanda ya kara da Shugaba Grant a zaɓen 1872. Thomas Nast na mujallar Harper's Weekly, ɗan ga-ni-kashe-nin Grant, shi ne ya zana shi. 'Yar takardar nan kuwa sunan wanda ya tsaya wa Greeley takarar mataimaki ne, Gratz Brown. Ko fuska Nast bai ba shi ba, ya liƙa shi a kwat kamar takardar farashi a jikin yadi a Kantin Kwari.

Dabarar ita ce maimaici. Nast ya kama doguwar farar kwat, ƙaramin tabarau, gemun da ya zagaye haɓa ta ƙasa, da takarda a aljihu, bai sake su ba mako bayan mako. Kai ma zaɓi alamomi uku, misali karin hula, tazarar ido da hanci, da yadda mutum yake ɗaga hannu a kan dandamali. Kumbura ɗaya kawai. Idan ka kumbura duka, kamannin sun ɓace, sai ka ga dole ka rubuta suna.

A zamaninsu a kan katako mai tauri ake zane, a juye, masu sassaƙa su ƙwaƙule inda zai fito fari, shi ya sa layukan suke fitowa raɗau. Yi koyi da wannan: baƙin tawada, layi mai kauri, kalmomi kada su wuce biyar. Ɗauki hoton zanen ka duba a fuskar waya, domin siraran layuka narkewa suke idan aka tura ta WhatsApp.

Akwai inda Nast ya wuce gona da iri. Ya zana Greeley yana musabaha da makashin tsohon shugaban Amurka Abraham Lincoln a kan kabarin Lincoln, wannan ƙazafi ne tsagwaronsa. Greeley ya sha kaye, ya rasu ranar 29 ga Nuwamba, 1872, wata guda bayan rasuwar matarsa. A Kano, taɓa iyayen ɗan takara, addininsa ko naƙasarsa na iya kai mai zane gaban alƙali. Zana alƙawarin da ya furta a bainar jama'a, ka adana faifan da ya faɗe shi kafin ka wallafa.