Hukuncin sabunta manhajar sauraro idan sabuntawar za ta kulle fayilolin mutum

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da tsohuwar kwamfuta mai Windows 7 wadda na tara karatun Alƙur'ani da darussan malamai a cikinta. Kusan duka a tsarin WMA suke, kuma da Windows Media Player nake saurare. Wasu na kwafe su ne daga faya-fayan CD da na saya da kuɗina, wasu kuma na saye su ta intanet shekarun baya. Mai gyara ya ce lallai in sabunta kwamfutar da manhajar saboda tsaro, sai wani ya gargaɗe ni cewa in na sabunta, DRM, wato kullen da ake sa wa fayil don hana kwafarsa, zai hana wasu fayilolin buɗewa. Shin in sabunta ko in bari? Idan kuma sun kulle, ya halatta in nemi manhajar da za ta fasa kullen?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Sabunta manhaja a kan kansa halal ne, domin manhaja kayan aiki ce, hukuncinta yana bin abin da aka saurara da ita. Mai gyaranka ya faɗi gaskiya, wanda ya gargaɗe ka shi ma ya faɗi gaskiya. Amsar a taƙaice ita ce ka sabunta, amma kada ka taɓa komai sai ka fara ceto fayilolinka. Batun fasa kulle kuwa ba hukunci ɗaya ba ne, ya danganta da hanyar da kowane fayil ya shigo hannunka.

Hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa, don haka bari mu fara da yadda kullen yake. Fayil mai DRM kamar akwati ne da aka sa wa kwaɗo. Sautin yana ciki, amma an juya shi ta yadda ba ya karantuwa sai da mabuɗi. Mabuɗin shi ne lasisi, kuma ba a cikin fayil ɗin yake ba, yana cikin wani ɓoyayyen wuri a Windows, ɗaure da sassan wannan kwamfutar kaɗai. Shi ya sa za ka kwafi fayil ɗin a filash, ka kai wata kwamfuta, ya ƙi buɗewa ko da wata manhajar sauraro ce irin VLC. Kwafe wurin da lasisin yake ma ba ya amfani, domin sassan sabuwar kwamfutar ba su ne aka ɗaura shi a kansu ba. Sauya babban allon cikin kwamfuta (motherboard) ko goge Windows a sake ɗora shi na iya kashe mabuɗin, sai fayil ya nemi sabo daga kamfanin da ya sayar. In kamfanin ya rufe wannan hidima, akwatin ya zama gunki.

Kuma hakan ya sha faruwa. Windows Media Player 11 da ya fito a 2006 ya cire damar ajiye kwafin lasisi, alhali tana nan a fitowar da ta gabace shi. A 2008 Microsoft ta sanar za ta daina ba da mabuɗai ga waɗanda suka yi sayayya a shagonta na MSN Music, sai da mutane suka yi ca sannan ta ɗage zuwa ƙarshen 2011. Yahoo ma ta rufe nata a 2008. Wanda ya fi shafarka shi ne sabuntawar Windows 10 ta 2016, mai lamba 1607: daga ita aka cire tsohon tsarin DRM na Windows Media, saboda haka kullallun fayilolin WMA ba sa buɗewa a can, haka ma a Windows 11.

To me zai hana a ce ka zauna a inda kake? Abu biyu. Microsoft ta daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020, duk ɓarakar da aka gano bayan nan a buɗe take. Wanda ke shiga asusun banki da irin wannan kwamfuta, ko yake ajiye amanar mutane a ciki, ko yake zura filashin jama'a yana cirewa, yana jefa kansa da waninsa cikin cuta, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce: "Babu cuta, babu cutarwa," kamar yadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Na biyu, zaman ba zai tsare maka fayilolin ba. A Satumban 2024 Microsoft ta sanar za ta daina tsofaffin hidimomin DRM da Windows Media Player ke dogara da su a Windows 7, ga kuma rumbun ajiyar tsohuwar kwamfuta da ba a san ranar mutuwarsa ba. A ɗaya ɓangaren, wanda ya san sabuntawa za ta salwantar da abin da ya saya, yana da hanyar tsare shi cikin sauƙi amma ya yi gaggawa ya danna, ya shiga cikin tozarta dukiya wanda hadisin Mugira bn Shu'uba a Bukhari da Muslim ya nuna Allah yana ƙinsa. Mafita ita ce a haɗa maslahohin biyu ta hanyar jeranta aiki.

Ka fara da tantancewa, domin ba kowane WMA ne kullalle ba. Danna fayil da maɓallin dama, zaɓi Properties, shiga Details, ka dubi layin Protected: in an rubuta Yes a kulle yake, in No ne babu damuwa. Idan fayilolin suna da yawa, ƙara ginshiƙin Protected a jerin fayilolin, za ka gan su duka lokaci guda. Marasa kulle ka kwafe su wuri biyu, filash ɗaya da rumbun waje ɗaya, ka gwada su a wata kwamfuta. Gwajin nan kada ka tsallake shi. Buɗewar fayil a tsohuwar kwamfuta ba ta nuna komai, tunda mabuɗin yana tare da ita.

Kullallun kuma kashi uku ne.

Kashi na farko su ne waɗanda ka kwafa daga faya-fayanka. Waɗannan ba mai faifan ne ya kulle su ba, manhajarka ce ta kulle su, saboda a saitin kwafa akwai wani gurbi mai suna Copy protect music wanda mutane da yawa suka bari a kunne ba tare da sun san aikinsa ba. Cire wannan kulle halal ne ba tare da wata shubuha ba. Faifan naka ne, babu wani sharaɗi tsakaninka da kowa a kan wannan kwaɗon, kai ka sa shi bisa kuskure a ƙofar ɗakinka. Hanya mafi tsafta ita ce ka cire alamar wannan gurbi, ka sake kwafa daga faifan asali zuwa MP3. Ga karatu da wa'azi, kilobit 128 a daƙiƙa ya wadatar, wato kusan megabait ɗaya a kowane minti, karatun awa 30 zai ci wajen gigabait 1.7. Idan faifan ya ɓata ko ya karce, Microsoft da kanta ta fitar da wata manhaja mai suna Digital Rights Update Tool don cire irin wannan kulle kaɗai. Ka gwada ta da fayil ɗaya a kwamfutar wani kafin ka dogara da ita.

Kashi na biyu su ne waɗanda ka saya ta intanet a matsayin saye na dindindin. Nan ne maganar fiƙihu take da tsawo. Haƙƙin wanda ya wallafa ko ya naɗi abu, Shari'a tana kare shi, kuma a kan haka Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a ƙudurinta na 43, a zaman da ta yi a Kuwait cikin Disambar 1988. Danna maɓallin amincewa da sharuɗɗa kuma ƙulla ciniki ne, ko ka karanta ko ba ka karanta ba, domin a mazhabar Malikiyya ciniki yana ƙulluwa da duk abin da ke nuna yarda, ko da miƙa-in-miƙa ne, kamar yadda Shaihu Khalil ya faɗa a Mukhtasar. Allah ya ce: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alkawura," a farkon Suratul Ma'ida, kuma hadisi ya zo cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu, sai sharaɗin da ya haramta halal ko ya halatta haram.

Wani zai ce ai Khalil ɗin nan ya ambaci sharaɗin da ke warware manufar ciniki cikin abubuwan da ke ɓata shi, kamar a sayar maka da abu a ce kada ka sayar wa kowa, saboda haka sharaɗin hana kwafa ɓatacce ne. Amsa ita ce ba sautin aka mallaka maka ba, izinin saurare aka sayar maka. Imam Ƙarafi a littafinsa Al-Furuƙ ya bambanta mallakar amfani da mallakar amfanuwa. Mai hayar gida ya mallaki amfaninsa, yana iya zama, yana iya sa wani. Ɗalibin da aka ba ɗaki a makarantar waƙafi kuwa amfanuwa kawai ya mallaka, shi zai kwana a ciki, ba zai ba da shi haya ba. Lasisin nan ya fi kama da na biyun. Don haka sharaɗin kada ka rarraba wa mutane ingantacce ne, dole ka kiyaye shi.

Sai dai wannan bambanci kaifi biyu gare shi. Idan amfanuwa ka saya, to ita ce ainihin abin da ka biya kuɗinsa, kuma mai sayarwa ba shi da ikon karɓe ta bayan ya riƙe kuɗin. Manufar kwaɗon ita ce hana ɓarawo, ba hana mai ɗaki shiga ba. Saboda haka ka bi matakai a jere. Idan shagon yana nan, ka nemi ya ba ka kwafi marar kulle ko ya maido maka da kuɗinka. Shaguna da dama sun daina kulle sauti tun tuni, Apple ma ta cire shi daga waƙoƙin iTunes a 2009. In shagon ya rufe, duba shafin Media Usage Rights a bayanan fayil ɗin cikin manhajar. Idan lasisin ya ba da izinin ƙonawa a faifai, ka ƙona shi a matsayin faifan sauti na yau da kullum, ba faifan ajiyar fayiloli ba, sannan ka sake kwafowa zuwa MP3. Wannan ba fasa kulle ba ne, amfani ne da ƙofar da mai hakkin ya bari a buɗe. Wahalarsa ita ce faifai ɗaya minti 80 yake ɗauka, karatun awa 30 zai buƙaci faya-fayai 23, sai dai ka samo CD-RW guda kana gogewa kana maimaitawa. Ingancin sautin zai ɗan ragu saboda an matse shi sau biyu, sunayen surori da na darussa kuma sukan ɓace, sai ka sake rubuta su da hannu. Duk wannan a tsohuwar kwamfutar za a yi shi, tun mabuɗin yana raye.

Idan duk waɗannan ƙofofi sun toshe, abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne babu zunubin cin haƙƙin wani a kan wanda ya buɗe abin da ya saya don sauraron kansa, da sharaɗin ba zai tura wa kowa ba, ba zai sayar ba. Amma ban ba ka shawarar ka yi gaggawar zuwa nan ba, saboda dalilai biyu. Dokokin ƙasashe da yawa sun hana tsallake irin wannan kulle, kamar dokar Amurka ta 1998 da Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, kuma Musulmi ba ya jefa kansa a fitina kan abin da yake da makwafi. Sannan manhajojin fasa kulle da ake saukewa daga shafukan da ba a san masu su ba sukan zo da cutar kwamfuta, sai mutum ya je ceto fayil goma ya rasa kalmomin sirrinsa duka. Karatuttukan manyan alaramomi da yawa ana samun su kyauta. Nemo wannan karatun ta halastacciyar hanya ya fi sauƙi kuma ya fi nisa daga shubuha.

Kashi na uku su ne waɗanda aka sauke ta hanyar biyan kuɗin wata-wata. Wannan haya ce tsantsa, tana ƙarewa da ƙarewar wa'adinta. Fasa kullensu don a ci gaba da riƙe su haramun ne, cin dukiyar mutane ne da ɓarna wanda aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana, daidai yake da ɗan haya ya canza kwaɗon gida bayan kuɗinsa ya ƙare. Rashin buɗewarsu bayan sabuntawa ba asara ba ce a kanka.

Akwai masu kafa hujja da cewa ilimin addini ba a kulle shi, suna kawo hadisin wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye za a sa masa linzamin wuta. Hadisin yana magana ne a kan mai hana ilimi ga mabuƙacinsa. Wanda ya kashe kuɗi ya naɗi karatu, ya tace shi, ya nemi ladan wahalarsa, bai ɓoye Alƙur'ani ba, kamar yadda mai sayar da bugaggen Mus'hafi bai ɓoye shi ba. Amma ina kira ga masu naɗar darussan malamai su guji kullen nan gaba ɗaya. Duk wanda ya sayar da fayil mai kulle kuma wajibi ne ya bayyana wa mai saye tun kafin ya biya, domin ɓoye shi algus ne, kuma "wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu," inji Manzon Allah (SAW) a ruwayar Muslim.

Bayan ka tabbatar komai yana buɗewa a wata kwamfuta, sai ka sabunta. Ka sani Windows 10 ma tallafinsa na gama-gari ya ƙare a 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma yana neman aƙalla gigabait 4 na RAM da gigabait 64 na wurin ajiya da guntun tsaro na TPM 2.0, wanda yawancin kwamfutocin zamanin Windows 7 ba su da shi. Idan taka ba za ta ɗauka ba har ka sayi wata, kada ka goge tsohuwar. Cire ta daga intanet, ka ajiye ta don sauraron abin da ya ƙi fitowa, kuma ka gaya wa mai gyara a fili cewa kada ya sake ɗora mata Windows ko ya sauya mata babban allo.

Allah ne mafi sani.